Rubutun da Ke Bayan Takarda

Zuwa ga taubashina Tela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Yaya jikin Kawu? Yaya ƙafar da ka ce tana yi masa tsami da safe? Ni lafiya ƙalau, sai 'yar mura da sanyin ɗakin aiki ya sa min.

Ga kular nan na ba direban motar Asabar kamar yadda muka saba: kwali huɗu na allurar suga, ƙanƙara a ƙasa, wasiƙa a cikin murfi. Ka ce in daina rubutu in riƙa kira, kamar ka manta gidanku. Wayarka ba ta iya magana a hankali, Kawu kuwa daga ɗakinsa yana jin faɗuwar allurar ɗinkinka a shago.

Na saurari karatun da ya yi, wanda ka turo min, a kan tunkiyar nan da masana suka kwafi halittarta daga jikin wata tunkiyar, da kuma irin shukar da ake sauya wa halitta. Ka san a ina na saurara? A kan bencin ɗakin sauya kaya, na riga na sa farar riga da safar hannu, ina shirin shiga wurin tanki na uku. Na ji shi yana cewa duk wanda ya sa hannu a rubutun da Allah ya yi a jikin halitta, ya goge ya gyara, to ya ce wa Mahalicci bai iya ba. Wannan ban ji komai ba, na saba. Inda na rasa inda zan sa kaina shi ne da ya ce, “Ni alhamdu lillahi, maganina daga jikin saniya ake samo shi, 'yata ce take aiko min.” Na ji mutane suna cewa masha Allah. Wallahi, Tela, sai da na cire abin sauraren daga kunnena na duba ko wani yana kallona.

Shekara shida ke nan da na ƙirƙiro wannan saniyar. Ba ta da ƙaho, ba ta cin ciyawa. Tanki ne na ƙarfe mai tsayin ɗaki biyu, cike da yis irin na burodi, wanda aka ɗauko ɗan umarni daga halittar ɗan Adam aka dasa masa don ya riƙa yin maganin. Ni nake auna zafinsa, ni nake ba shi abinci a kan lokaci. Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Inna, ya koya min alif da ba, shi nake yi wa wannan, kuma da shi yake tsaye a kan ƙafarsa. Na kasa gane ko godiya zan yi ko istigfari, sai nake yin duka biyun.

Za ka ga launin kwalin ya sauya. Masu shirya kaya sun ce kamfani ya fara aikawa wasu ƙasashe, amma maganin shi ne dai. Ban buɗe ba don kada sanyi ya fita. Takardar bayanin da ke ciki ka ƙone ta kamar kullum, ka haɗa da wannan wasiƙar.

Rigar da ka ɗinka min ta iso. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, amma ba komai, na fara koyon tafiya a karkace.

Taka,
'Yar Gwaggo

*

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Na samu saƙo, ƙanƙarar ma ba ta gama narkewa ba. Muna lafiya, Allah ya sawwaƙe murar. Jikin Baba kuwa, ki zauna tukuna kafin ki ci gaba da karantawa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Baba ya sani.

Zan fara da laifina, tunda ba inda zan kai shi. Takardun nan da kike cewa in ƙone, ban taɓa ƙone ko ɗaya ba. Ke ba tela ba ce, ba za ki gane ba. Takarda ce shara-shara, mai faɗi idan an warware ta, ba ta yagewa da wuri, kamar don mu aka yi ta. Da ita nake fitar da siffar wuyan riga da aljihu, in ɗora a kan yadi in kafe da fil in bi da alli. Na ce a raina mene ne abin tsoro, Baba ba ya karanta boko. Shekara shida takardun nan suna gabansa a kan teburin yanka, ko kallo ba su ishe shi ba.

Sabuwar da kika aiko, gabanta boko ne kamar da. Ban juya ta ba. Ashe bayanta duk Larabci ne.

Ranar Talata da hantsi ya shigo shago in gwada masa farar rigarsa. Kin san halinsa, ba ya wuce takarda mai haruffan Larabci a ƙasa, ko ta ƙunshin sabulu ce, sai ya duƙa ya ɗauka ya kai jakar nan da ke rataye a bayan ƙofarsa, wai kada a taka sunan Allah. Sai ga wani ɗan guntu a ƙarƙashin matakin keke, daidai inda ƙafata take.

Ya ce, “Subhanallahi! Tela, Larabci kake takawa?”

Ya duƙa da ƙyar ya ɗauka, ya goge a ƙirjinsa, ya sa tabarau. Na ga leɓensa yana motsi, sai ya tsaya. Ya matso teburi ya fara zare fil ɗaya bayan ɗaya daga jikin yadin rigarsa, ya juya wuyan, ya juya aljihun, ya jera su ya haɗa baki da baki. Ni ina tsaye da awo a wuya kamar akuyar da aka ɗaure. Ya karanta a fili, a hankali, yadda yake yi wa ɗalibai: an samar da wannan magani ta hanyar sauya ƙwayoyin halitta a cikin yis.

Ya ce, “Takardar mece ce wannan?”

Na ce a wurin mai sayar da tsofaffin takardu na samo. Sai ya ɗora yatsa a kan tambarin ganyen nan da ke jikin kowace kwalba da nake zuƙo masa magani daga ciki.

“Tun yaushe?”

“Tun farko, Baba.”

“Ita ta sani?”

A nan na yi abin da ya fi ba ni kunya. Maimakon in ce e in yi shiru, sai bakina ya zarce, na ce ai ke ce ma mai kula da tankin. Don in rage wa kaina zafi na tura ki gaba. Ki yafe min.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ninke guntayen ya sa a aljihu ya fita. Washegari na shiga da sirinji, ya sauke rigarsa ya rufe cinyarsa ya ce in mayar. Yau kwana biyar ke nan bai karɓa ba. Jiya kuma ya buɗe firji da kansa, ya ɗauki kwalba ɗaya ya sa a aljihu ya nufi wajen masallaci. Akwai maganar Ladan a ciki, amma hannuna ba zai iya rubuta ta yau ba.

Naki,
Tela

*

Tela,

Ina fatan yara suna lafiya. Kai kuwa ban tambayi taka lafiyar ba, don na ga tana nan daram, tunda har kana da ƙarfin adana takarda.

Abu ɗaya na roƙe ka a duniya, ka kyasta ashana. Ashana, Tela! Mutumin da ke ƙona wa mutane yadi da dutsen guga, shi ne ya kasa ƙona takarda. Yanzu ga shi ka jefa tsoho mai shekara saba'in a cikin abin da ka san ƙarshensa. Kwana biyar da ka rubuta, kafin wannan ta iske ka sun zama goma sha biyu. Ka auna sugansa? Yana yawan shan ruwa? Yana fita fitsari sau nawa? Ba ka faɗa min ko ɗaya ba, ka tsaya kana ba ni labarin fil.

Na gane abin da kwalbar aljihu take nufi. Ya kai wa Ladan da sauran dattawan masallaci ne ya nuna musu abin da 'yar da ya raina take dafawa. To, ya nuna. Ya kira sunana a lasifika ma idan yana so, na cancanta. Amma kada ya kashe kansa don ya hukunta ni.

Ga takardu shafi tara na haɗo, na buga su da Larabci don ya karanta da idonsa. Fatawoyi ne na manyan malamai da suka zauna da likitoci. Sun raba tsakanin kwafar mutum, wadda suka hana, da yin magani da irin wannan hanya, wadda suka halatta. Ko a wurin waɗanda suka ƙyamace shi, lalura tana buɗe ƙofa. Na ja layi da jan biro a inda ya kamata ya fara. Ka ce masa yis ɗin ma ba ya shiga kwalba, ana tace shi sau da yawa har sai maganin kaɗai ya rage. Ka ce masa na saniyar da yake so yanzu nemansa sai an sha wuya, ni kaina ban taɓa riƙe shi a hannuna ba.

Idan ya ƙi, ka kira ƙannensa su danne shi. Ba wasa nake ba.

'Yar Gwaggo

*

Tela,

Sallama. Asabar biyu ke nan direba yana dawo min da kula babu komai a murfi. Na tambaye shi, ya ce ya ga shagonka a rufe da rana tsaka, maiɗakinka ce ta karɓi saƙo. Na kira wayarka sau bakwai ba ka ɗauka ba. Na nemi izinin tafiya a wurin aiki, an ce sai an sauke abin da ke cikin tanki, kwana tara nan gaba.

Na sake karanta abin da na rubuta maka a raina, na ji nauyi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka. Kai takarda ka ajiye, ni na ƙirƙiro saniyar. Na ga kwali ya sauya, na ji an ce wasu ƙasashe, ban tsaya na tambayi kaina da wane harshe mutanen can suke karatu ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Yana raye?

'Yar Gwaggo

*

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Yana raye. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran. Ya rame, wuyan rigar da na yanka masa yanzu yana zamewa har kafaɗa. Buta ba ta rabuwa da hannunsa, idonsa kuma ya fara hazo, shekaranjiya sai da wani ɗalibi ya karanta masa layin da ya fi shekara arba'in yana karantarwa. Na yi shiru ne ba don fushi ba. Na rasa ta inda zan fara.

Takardunki na kai masa. Ya duba shafin farko, ya ga jan layinki, ya yi ɗan murmushi. Ya ce, “Ka ce mata babin lalura ni na koya mata shi, tana cin gyaɗa a bayan allo.” Ya sa su a jakar bayan ƙofa. Kin kai wa mahauci wuƙa ne kina nuna masa yadda ake yanka. Kuma ba wanda ya nuna wa kwalbar, ba wanda ya ji sunanki a bakinsa. Kin karanta wasiƙata ba daidai ba, ni kuma na rubuta ta rabi.

Ga maganar Ladan. Kin san shi, dogon nan mai dariya kamar tari, abokin Baba tun suna samari. Bara aka ce shi ma yana da suga, asibiti suka ɗora shi a kan allura. Wani ma'aikacin ɗakin magani, da ya ji shi ladanin masallacin Baba ne, sai ya tsokane shi, ya ce, “Baba, ka san da yis ɗin da aka sauya wa halitta ake yin wannan? Me malaminku zai ce?” Ladan bai ɗauke shi wasa ba. Ya zo da kwalbar a hannu ya sami Baba a shagona, a kan bencin masu jira.

Baba ya ce masa ya bar ta. Ya ce, “Ka nemi irin tawa, ta saniya. Dube ni, shekara biyar ina yi, me ya same ni?”

Ina nan zaune, 'Yar Gwaggo. Tsakanina da su bai fi taku uku ba. Na ga tambarin ganye a jikin kwalbar Ladan da idona. Zare nake sakawa a allura, na yi kamar ramin ya ɓace min, na yi ta lasar bakin zaren har suka gama magana. Na ce a raina zan bi Ladan daga baya in raɗa masa. Ban bi shi ba. Na ji tsoron ya koma ya tambayi Baba.

Ladan ya jefa kwalbar a kwata. Ya zaga shagunan magani yana neman ta saniya, yara masu sayarwa suna yi masa dariya. Da ya gaji ya koma jiƙe-jiƙe. Wata huɗu da suka wuce aka yanke masa yatsu biyu a ƙafar hagu. Na rubuta miki a lokacin cewa Ladan ba shi da lafiya, ban faɗa miki dalili ba. Yanzu akwai gyambo a dugadugansa da ya ƙi rufewa, likita ya ce idan bai ja baya ba za a hau har gwiwa. Ba ya iya hawa matakala uku na ɗakin lasifika, wani ne yake kiran salla.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tamu ta yi, a ƙafar mutumin da ko saninta bai yi ba.

To, can kwalbar take zuwa. Kullum da safe Baba yana sa ni gaba mu je gidan Ladan, in yi masa allurar Baba, a kan adadin da asibiti suka rubuta masa tun bara. Shi ya sa shago yake rufe, don daga can muke raka shi wankin gyambo. Na ce wa Baba maganin zai ishe su su biyu kafin ki ƙaro. Ya ce shekara guda ya hana mutum abin da shi yake sha a ɓoye, ba zai ƙara ɗigo a jikinsa ba sai ƙafar Ladan ta rufe. Na ce ai ba da saninsa ba ne. Ya ce, “Wanda ya ce wa mutane ‘ku dube ni’, wajibi ne ya fara duba kansa.”

Abin da ya fi damuna ban faɗa ba tukuna. Ranar farko da muka shiga, Ladan ya ga kwalba ya ce, “Malam, ta saniyar ce ka samo min?” Baba ya kau da kai. Ya dubi tabarma ya ce, “Miƙo cinyarka.” Har yau bai gaya masa ba. Kullum a hanya sai ya ce yau zai faɗa, mu je mu dawo bai faɗa ba. Idan mun fito ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa, mu taho kamar waɗanda suka yi sata tare.

Ba ƙannensa za su danne shi ba. Ban san wa zai iya ba.

Naki,
Tela

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya ba Baba Ladan lafiya. Na rubuta wannan da haruffan da ka koya min, don kada kowa ya tsaya tsakanina da kai. Ka yi haƙuri da hannuna, ya daɗe bai bi ta dama zuwa hagu ba.

Ban zo da hujja ba. Waɗanda na aiko rashin kunya ce, na tuba.

Ranar da likita ya ce sai allura, kana kwance a gadon asibiti, ka riƙe hannuna ka ce, “Da me ake yin ta?” Na san amsar, wata uku ke nan da fara aikina. Na dubi ƙafafunka da suka kumbura, na tuna Inna, na ce da saniya. Na gaya wa kaina idan ka ji sauƙi zan faɗa maka gaskiya. Ka ji sauƙi, na ce sai ka ƙara ƙarfi. Ka ƙara ƙarfi, na ce yanzu kuma ai ya yi nisa. Ba tsoron ka ƙi magani ne kaɗai ya riƙe ni ba, Kawu, kada in ƙara wata ƙaryar. Ina jin daɗin yadda kake cewa “'yata” a gaban mutane, ban so ka daina ba.

Na raina maka hankali. Na yanke cewa ba za ka iya jin gaskiya ka auna ta da iliminka ba, alhali kai ka koya min awo. Da na faɗa maka tun ran nan, da ka yi fushi na kwana biyu ka buɗe littattafanka, kuma da Baba Ladan ya zo maka, da abin da ka sani za ka ba shi amsa. Yatsunsa biyu suna wuyana kafin su zo naka.

Tela ya gaya min abin da ke faruwa a ɗakin Baba Ladan. Kawu, na san wannan wurin da kake tsaye, shekara shida na yi a cikinsa. Na san yadda mutum yake cewa gobe. Ba ya sauƙi da jira, kullum ƙara nauyi yake. Saniyar nan tawa ce, ni na haife ta, ina roƙonka kada ka gaje ta. Kuma idan ka faɗi kafin ƙafarsa ta rufe, wa zai gaya masa? Tela? Ka san Tela.

Idan ka ce in bar aikin nan, zan zo mu zauna ka faɗa min dalili, in faɗa maka abin da nake gani a tanki, ba ragi ba ƙari. Amma ka bari a yi maka allurar gobe da safe, don in same ka.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta same ni. Na karanta ta da gilashin ƙara girma, na sami kuskuren rubutu goma sha ɗaya, za mu yi maganarsu idan kin zo. Jiki da sauƙi. Yau kwana shida ke nan Tela yana huda ni, kuma har yanzu hannunsa hannun tela ne, yana yi kamar zai haɗa ni da wani yadin.

Ranar da na karanta, ban jira Tela ba, na tafi gidan Ladan ni kaɗai. Na zauna a bakin gadonsa na ce, “Ladan, maganin da nake kawo maka ba na saniya ba ne. Irin wanda na sa ka jefar ne. Ni ma shi nake yi tun farko, ban sani ba, na kuma yi maka fatawa a kan abin da ban bincika ba.”

Ya yi dariyar nan tasa. Ya ce, “Malam, ai na sani. Tun ranar farko na ga ganyen a jikin kwalbar. Abin da mutum ya jefa a kwata da hannunsa yana kuka, ba ya manta kamanninsa.”

Na ce, to me ya sa ka tambaye ni ko ta saniya ce?

Ya ce, “Ƙofa na buɗe maka ka shigo. Da na ga ka kasa, sai na ce kada in ƙara maka, kunyar da ke fuskarka ta ishe ka.”

'Yata, na yi shekara arba'in ina zama a gaban mutane suna sunkuyar da kai. Ban taɓa sanin nauyin kai ba sai ran nan. Mutumin da na sa aka yanke wa yatsu, mako uku yana miƙa min cinya yana rufa min asiri. Na nemi gafararsa. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi biyu: in koma allurata a gabansa, kuma in faɗi gaskiya a inda na faɗi maganar farko, domin ba shi kaɗai ya ji ni ba. Ya ambaci wata tsohuwa da wani mai gyaran rediyo da suka bar nasu saboda karatuna. Ban san da su ba.

Na faɗa ranar Juma'a bayan salla, na sa aka ɗauka a waya kamar yadda aka ɗauki wancan. Ban ambace ki ba, ban ambaci Tela ba. Na ce saniyar da na yi alfahari da ita babu ita, wanda ya bar magani saboda ni ya koma yau, alhakinsa yana kaina. Wasu sun tashi kafin in gama. Ɗalibai uku ba su dawo ba. Mai gyaran rediyo ya koma asibiti, tsohuwar kuwa ta ce Malam na farko ta yarda da shi, ba na biyu ba. Gobe zan sake zuwa gidanta.

Kada ki ɗauka kin ci ni da yaƙi. Har gobe ina kan bakana cewa kwafar ɗan Adam ɓarna ce, kuma zuciyata ba ta kwanta da masu taɓa halitta don kawai sun ga za su iya ba. Yis ɗinki ma ina da tambayoyi a kansa, na rubuta goma sha huɗu. Ki zo da amsa, kada ki zo da jan biro. Abin da kika yi min kuskure ne, kin kuma faɗe shi da bakinki, na yafe. Ba zan daina cewa 'yata ba, sai dai yanzu idan na faɗa na san abin da take yi.

Gyambon Ladan ya fara ja daga gefe. Likita ya ce a ba shi mako biyu kafin ya yanke magana a kan gwiwar, ki sa shi a addu'a. Ya ce in gaishe ki, wai ki gaida saniya.

Daga wannan watan ki riƙa aiko na mutum biyu. Takardar ciki kuma na hana Tela taɓa ta, ya nemi abin yanka wuya a wani wuri. A kawo min ita a ninke yadda take, zan karanta gaba da baya kafin in miƙa cinyata.

Kawunki